Babur Ɗinka Na Kuka a Babban Titi? Tsaya Ka Ji Kafin Ka Canza Sifiroket

 

Yau maganar babur za mu yi. Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawo min a 'yan kwanakin nan daga bakin mutane daban-daban: "Babur ɗina in na hau babban titi sai ya dinga kuka kamar zai fashe, hannuna har ya mutu saboda karkarwa. An ce in na canza sifiroket zai daina. Gaskiya ne?"

Eh, gaskiya ne. Amma akwai abin da za ka biya, kuma ba kuɗin makanike nake nufi ba. Ni na biya, saura ƙiris in haɗa da raina da na ƙanena. Shi ya sa na ce yau sai na zauna na ba ku labarin tiryan-tiryan, da lissafinsa, don kada wani ya maimaita wautar da na yi.

Ina zaune a Kano, mahaifiyata tana Kazaure. Kusan duk mako biyu nake zuwa gaishe ta. Da a mota nake tafiya, to tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihuna, sai na koma hawa babur ɗina. Ƙarami ne, mai 125, giya huɗu. A cikin gari ba ni da abin cewa a kansa. Amma da zarar na bar Dawanau na miƙe hanyar Dambatta, na sa giya ta huɗu, sai kuka ya fara. Madubi yana rawa har ba ka gane abin da ke bayanka. Tafin ƙafa yana ƙaiƙayi. Kuma akwai wani abu da na san da yawanku kun taɓa yi: ƙafarka ta dinga neman wata giya a gaba, ka taka, ka tarar babu. Ka manta, bayan minti biyar ka sake takawa.

To me ke faruwa a wannan lokacin?

Inji juyawa yake yi, kuma ana ƙirga juyin nan a minti, shi ne abin da ake rubutawa RPM. In aka ce inji yana juyi 6,000 a minti, to a daƙiƙa ɗaya sau 100 ke nan. Irin injinan baburanmu kuwa sau ɗaya wuta ke tashi a duk juyi biyu, ka ga sau 50 ke nan a daƙiƙa, kuma fiston ɗaya ne tal yake hawa da sauka. Wannan ita ce karkarwar da take bi ta ƙarfe ta zo hannunka.

Juyin nan ba kai tsaye yake isa taya ba. Daga inji ya bi kuloci, ya shiga giya, daga giya ya fito kan wani ɗan ƙaramin faifai mai haƙora da ke ɓoye a cikin murfi ta gefen ƙafarka ta hagu. Shi ne sifiroket ɗin gaba. Cen, wato sarƙa, ya ɗauko daga nan ya kai wa babban faifan da ke jikin tayar baya, sifiroket ɗin baya. Waɗannan biyun su ne suke yanke hukuncin ƙarshe: sau nawa na gaba zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya.

Lissafin ba wuya. Ka ƙirga haƙoran na baya, ka raba da haƙoran na gaba. Yawanci ma an buga lambar a jikin ƙarfen, za ka ga 14T ko 42T, in ka goge baƙin mai da tsumma. Nawa 14 ne a gaba, 42 a baya. Raba 42 da 14, ka samu 3. Ma'ana sai na gaba ya juya sau uku sannan taya ta yi juyi ɗaya.

In kana so inji ya rage juyi alhali gudunka bai canza ba, wannan lambar za ka rage. Hanya biyu ce: ko ka ƙara haƙoran gaba, ko ka rage na baya.

Bari mu ɗauka a gudun da ka saba yi injinka yana juyi 6,000, da 14 da 42. In ka sa 15 a gaba ka bar na baya yadda yake, 42 raba 15 ya ba ka 2.8. Juyin ya sauko 5,600, ragin kusan kashi 7 cikin ɗari. In kuma ka bar 14 a gaba ka sa 39 a baya, za ka samu kusan abu ɗaya, wajen 5,570. Daga nan ka riƙe wannan: a irin baburanmu haƙori ɗaya a gaba daidai yake da kusan uku a baya. In ka haɗa biyun, 15 da 40, ka sauko wajen 5,330, ragin kashi 11.

Duk wannan lissafin ban san shi ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne hirar majalisa. Wani ya ce, "Ai ƙara na gaba ake yi." Wani ya ce, "A'a, na baya ake ragewa." Ni kuma da wayona na ce to me zai hana in yi duka biyun, in yi da yawa, in huta gaba ɗaya? Na shiga kasuwa na sayo 16 na gaba da 38 na baya.

Akwai dattijon makaniken da nake kai wa aiki tun ina ɗalibi, Baba muke ce masa. Na zube masa kayan a gabansa. Ya ɗauki ƙaramin ya juya shi, ya ƙirga haƙoran da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan shawarar?"

Na ce, "Baba, so nake ya daina kuka a hanya."

Ya ce, "Zai daina kuka. Zai kuma daina ja. Ka sa 15 kawai ka gwada mako biyu."

Na ce, "Baba, dan Allah a ɗaura min haka. Na riga na saya."

Bai ƙara cewa komai ba. Ya ce wa yaronsa ya miƙo sifana. Sai da suka yi fama ma kafin murfin gaba ya zauna, don 16 ɗin ya kusa taɓa jikin inji. Wannan kaɗai ya isa ya zame min ishara, amma ina, kunnena ya toshe.

Yanzu mu yi lissafin da ya kamata in yi tun a kasuwa. Raba 38 da 16, ka samu 2.375. Daga 3 zuwa nan ragin kashi 21 ne cikin ɗari. Juyi 6,000 ya koma 4,750.

Ranar farko ni kaɗai, ba kaya, da yamma iska ta kwanta, na hau titi. Kai jama'a! Sai na ji kamar sabon babur aka ba ni. Shiru. Madubi tsaf. Na ce a raina dattijon nan tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Washegari a cikin gari na fara ganin alama. Duk danjar da na tsaya, in zan tashi sai na ba shi totur da yawa ina sakin kuloci a hankali, in ba haka ba ya mutu. A cunkoson Kurna kuwa hannuna na hagu bai huta ba, don giya ta ɗaya ta yi tsawo, ba ta tafiyar sannu-sannu sai da rabin kuloci. Na ce sabo ne, zan saba.

Ga abin da ban gane ba. Sifiroket ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko ƙwayar zarra. Babur mai 125 ƙarfin doki 10 zuwa 11 ne da shi, ko ka sa masa haƙora nawa. Abin da sifiroket yake yi musaya ce tsakanin ja da juyi. Duk kashin da ka rage a juyin inji, shi ka rage a ƙarfin da taya take tura ƙasa da shi, kuma a kowace giya, daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san wannan a cinyarsa. Ka sa giya mai nauyi a shimfiɗaɗɗen titi, ƙafarka tana juyawa a hankali kana tafiya da daɗi. Ka zo hawa da ita, sai ka sauka ka tura. Ni kashi ɗaya cikin biyar na jan babur ɗina na ba da, ban sani ba.

Sai ranar da abin ya faru. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Na ɗauko ƙanena a baya, muka ɗaure rabin buhun shinkafa da za mu kai wa Hajiya. Mun nufi arewa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, wato kusan a ƙirjinmu take sauka. Na sa giya ta huɗu, na murɗe totur har ƙarshe, babur ya ƙi wuce inda yake. Ba kuka, sai wani gurnani mai nauyi, kamar mai ɗauke da kaya a wuya.

Can bayan Dambatta muka cim ma wata tirela tana tafiya a hankali, tana zuba mana hayaƙi da ƙura. Na leƙa, na hango wata mota can nesa. A tsohon saitin babur ɗina wannan tazarar ta ishe ni, na sha yi. Na fita. Muddin ina bayan tirelar ita take tare min iska, ina fitowa gefenta iskar ta doke ni gaba ɗaya. Na murɗa totur, babu komai. Muna jere da tayoyin tirela, ba na gaba, ba na baya. Motar da na hango nesa ta fara kunna min fitila.

Ƙanena ya ƙanƙame ni yana cewa, "Yaya! Yaya, koma!"

Na sauko giya ta uku, ya ɗan zabura, amma lokaci ya riga ya ƙure. Birki na taka, na bar tirelar ta wuce, na faɗa bayanta da ƙyar, motar ta wuce da hon ɗinta a kunnenmu. Na gangara gefen titi na kashe babur. Na fi minti goma zaune a ƙasa, gwiwoyina suna rawa. Ƙanena bai ce min uffan ba har muka shiga Kazaure. A ƙofar gida ne ya ce, "Yaya, ni mota zan hau in za mu koma." Ban yi masa musu ba.

Ku lura da abu biyu a labarin nan, don su ne zuciyar maganar.

Na farko, iska. A babban titi ba nauyinka ne babban abokin gabar inji ba, iska ce. In ka ninka gudunka sau biyu, turin da iska take yi maka ya ninka sau huɗu, ƙarfin da inji yake buƙata don ya keta ta kuma ya ninka sau takwas. Daga gudun kilomita 60 zuwa 80 kaɗai, ƙarfin da ake buƙata don keta iska ya haura ninki biyu. In kana tafiya a 70, iska kuma tana zuwa maka da 20, jikinka da na wanda ka goya suna karɓar iskar 90 ne. Ƙaramin inji ba shi da rarar da zai ba da a nan.

Na biyu, inda ƙarfin inji yake zaune. Ƙananan injinan nan a sama suke ba da cikakken ƙarfinsu, wajen juyi 7,000 zuwa 8,000. Kukan da yake damun ka, a wurinsa nan ne yake aikinsa. Da na sauko da shi ƙasa da 5,000 a giya ta ƙarshe, na raba shi da ƙarfinsa a daidai inda iska ta fi buƙatarsa. Abin dariyar ma, tazarar da ke tsakanin giya ta uku da ta huɗu ta yi kusa da abin da na rage. Ka ga sabuwar giyata ta uku ta zama tsohuwar ta huɗu, ta huɗun kuma ta zama ado, sai a gangara ko in iska tana bayana.

Kuma kada ka ɗauka inji yana hutawa ne don ya yi shiru. In ka buɗe totur gaba ɗaya a giya mai tsawo, inji yana gurnani ya kasa hawa, wahala yake sha fiye da lokacin da yake kuka. Kowane tashin wuta yana dukan fiston da ƙarfi, zafi yana taruwa, ga shi injinanmu iska ce take sanyaya su. Wani lokaci har ka ji ƙas-ƙas daga cikinsa. Kulocina ma bai tsira ba. Wata biyu da na yi ina tashi da rabin kuloci, sai da aka canza min faifansa.

Na koma wajen Baba da kunyata. Na ba shi labari. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, wallahi da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Alhamdu lillahi da ka dawo da ƙafarka. Ina tsofaffin?" Muka mayar da 42 a baya, muka sa 15 a gaba. Haƙori ɗaya tak a kan na kamfani. A kansa nake har yau. Karkarwar ta ragu yadda hannuna ba ya mutuwa, ƙafata ta daina neman giyar da babu, kuma in na goyi mutum yana ja, sai dai in na zo hawa ko iska ta yi ƙarfi in sauko giya ɗaya da wuri. Wannan cinikin na yarda da shi, don na san abin da na bayar da abin da na karɓa.

To yanzu kai da kake son yi, ga yadda zan ba ka shawara ka bi.

Kafin ka taɓa sifiroket, ka tabbatar shi ne matsalar. Akwai abubuwan da suke sa babur kuka da karkarwa waɗanda ba ruwansu da haƙora. Babba a cikinsu kuloci mai zamewa. Gwajinsa: kana giya ta ƙarshe a matsakaicin gudu, ka murɗa totur da ƙarfi. In ƙarar inji ta tashi sama amma gudu bai ƙaru tare da ita ba, kulocinka ne ya cinye, ko wayarsa ta ɗaure da yawa. Sifiroket mai tsawo zai ƙarasa shi ne kawai. Sannan a duba notunan da suke riƙe da inji a jikin firam, don ɗaya in ya kwance duk babur ɗin sai ya ɗauki rawa. A duba tafet, a duba cen ko ya bushe ko ya yi tauri a wasu gaɓoɓi, a duba iskar taya. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

In duk waɗannan lafiya, sai ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya: yaya nake amfani da babur ɗin nan? In kai mai ɗaukar fasinja ne ko kaya, buhu biyu, jarkoki, mutum biyu a baya, ka bar shi yadda kamfani ya yi shi. Irin su Boxer da TVS da Haojue da Jincheng da suka cika hanyoyinmu, don lodi da hanyar ƙauye aka yi saitinsu, shi ya sa suke tashi da kaya ba gardama. In hanyarka yashi ce ko laka, ko kana yankin hawa da gangara kamar Jos ko Mambila, kai ma ka bar shi. Masu hawan dutse da kaya wasunsu ma ƙara na baya suke yi, akasin abin da muke magana. Wanda wannan canjin yake yi wa rana shi ne mai doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗen titi, yawanci shi kaɗai.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka ko injinka yana da rarar da zai bayar. A hanyar da ka saba, da nauyin da ka saba ɗauka, ka sa giya ta ƙarshe a gudun da kake tafiya kullum. Totur nawa ka buɗe? In rabi ne ko ƙasa da haka, kuma in ka ƙara yana amsawa nan take, akwai rara, haƙori ɗaya ba zai gagare shi ba. In kuwa ka riga ka murɗe shi kusan ƙarshe don kawai ka riƙe wannan gudun, to babu abin da za ka rage. Injin ne ya yi ƙarami ga abin da kake nema, sai dai ka sassauta gudu.

In za ka canza, ka fara da na gaba, haƙori ɗaya. Ya fi araha, ya fi saurin ɗaurawa, kuma yawanci cen ɗinka zai isa ba sai an ƙara ko an yanke ba, tayar baya za ta matso gaba da 'yan milimita kaɗan ne kawai. In kashi 7 ya yi maka yawa, ka bar na gaba ka rage biyu a baya, daga 42 zuwa 40, wannan wajen kashi 5 ne. Ka ajiye tsohon, kada ka bar shi a garejin. Ka yi mako biyu kana gwadawa, da goyo da babu goyo, da safe da rana, a hawa da iska. Alamar ka wuce gona da iri ita ce babur ya fi gudu a giyar kusa da ƙarshe fiye da ta ƙarshen. In ka ga haka, koma baya.

Wajen saye, ka duba lambar cen ɗinka. Yawancin ƙananan babura 428 ne, wasu 420, manya kuma 520. Lambar tana jikin gaɓoɓin cen. Tazarar haƙoran 420 da 428 ɗaya ce, amma faɗinsu ya bambanta, don haka mai kaya zai iya ce maka "ai zai hau," ya hau ɗin kuma ya dinga cin juna. Ka tafi da tsohon a hannunka, a gwada ramin tsakiya da ramukan noti. In cen ɗinka ya riga ya miƙe, ko haƙoran baya sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, ka sayi saitin gaba ɗaya, na gaba da na baya da cen. Tsohon cen a kan sabon sifiroket cinye shi yake yi da wuri.

Wajen ɗaurawa kuma ka tsaya a kan aikin, kada ka tafi shan shayi. Ka ga an bar sarari tsakanin cen da jikin inji a cikin murfin gaba. Ka ga an ɗaure ɗan farantin da yake riƙe sifiroket ɗin gaba da notunansa. In an buɗe makullin cen, ɗan ƙarfen da yake kulle shi rufaffen kansa ne yake fuskantar inda cen yake tafiya, in aka juya shi zai iya fita a hanya. A ja ajasta ta hagu da ta dama daidai wa daida don taya ta zauna a miƙe. A bar wa cen ɗan sassauci, a yawancin ƙananan babura wajen santimita 2 zuwa 3 in ka ɗaga shi da yatsa a tsakiya. Cen da aka ɗaure tamau yana kashe boris ɗin da ke bayan sifiroket ɗin gaba, wannan kuwa sai an buɗe inji. Kuma tunda tayar baya ta motsa, a sake saita birkin baya kafin ka hau.

Wasu suna tambaya ko mitar gudu za ta fara ƙarya. In wayar mitarka daga tayar gaba ta taso, kamar yawancin namu, babu abin da zai canza. In kuwa irin na zamani ne da yake karanta gudu daga cikin giya, to bayan canjin zai dinga nuna maka ƙasa da ainihin gudun da kake yi, da daidai kashin da ka canza. Ka sani, kada ka ga 60 alhali kana kusa da 65.

Maganar mai fa? Na san ita ce a ran mutane da yawa. Kada ka yi lissafin cewa juyi ya ragu da kashi 7, mai ma zai ragu da kashi 7. Iskar da kake ketawa ba ta ragu ba, nauyinka bai ragu ba. A tafiyar da ba kaya, a gudu matsakaici, za ka iya ganin ɗan sauƙi. In ka wuce gona da iri kamar yadda na yi, kullum totur a buɗe, kana saukowa giya kana hawa, sauƙin ya tafi. In kana so ka san gaskiyar naka, cika tanki har baki, rubuta lambar kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa har baki, ka raba kilomita da litar da ya sha. Ka yi haka kafin canji da bayansa, a hanya ɗaya. Abin da ya fi kowane sifiroket rage shan mai shi ne ka sauke gudunka da kilomita 10.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba na so in rufe ban faɗa ba. Littafin dokokin hanya na Najeriya kilomita 50 ya yanka wa babur, a gari da babban titi. Na san yadda muke tafiya, ni ma ban da bakin wa'azi. Amma birkin yawancin baburanmu na ganga ne, tayoyin sirara, kuma sifiroket mai tsawo yana rage yadda inji yake riƙe babur in ka saki totur, sai aikin ya ƙaru a kan birki. Ga wani tarko kuma: da can kukan inji ne yake gaya maka ka yi yawa. Yanzu da ya yi shiru, za ka iya tsintar kanka a gudun da ba ka saba ba, ba ka ji a jikinka ba. Ka canza don hannunka ya huta, ka ci gaba da tafiya a gudun da kake yi da. Ka sa hular kwano, kai da wanda ka goya. In za ka wuce babbar mota, ka sauko giya tun kana bayanta, kafin ka fita, ba sai kana gefen tayoyinta ba.

Sifiroket 16 ɗin nan yana nan rataye a ƙusa a garejin Baba. Ya ce in bar masa. Duk saurayin da ya zo da irin maganata, sai ya nuna masa shi da sifana ya ce, "Mai wannan yana nan da rai, je ka tambaye shi." Biyu sun zo sun same ni. Ɗaya ya sa 15. Ɗayan da muka yi gwajin totur a hanyar Bichi, ya ga ba shi da rara, ya bar nasa yadda yake ya sayi sabon cen da kuɗin.

Ƙanena kuwa sai bayan Sallah ya sake yarda ya hau bayana, kuma har yau in muka cim ma tirela sai na ji ya dafa kafaɗata.

Nan za mu tsaya yau. Kafin ka je kasuwa, durƙusa ka goge sifiroket ɗinka ka karanta lambobin nan biyu, ka raba su a wayarka. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai mu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.